Hali Zanen Dutse: Jean-Marie Le Pen da Daren 21 ga Afrilu 2002

Ranar Lahadi 21 ga watan Afrilu na shekarar 2002, da ƙarfe 8 na dare agogon Paris, wato ƙarfe 7 a Yamai da Damagaram, gidajen talabijin na Faransa suka nuna fuskokin mutane biyu da za su kara a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. Tun watanni kafin ranar, ƴan jarida da masu binciken ra'ayin jama'a sun riga sun gama rabon: shugaba Jacques Chirac zai haɗu da firaministansa Lionel Jospin na jam'iyyar gurguzu. Sai ga fuskar wani dattijo mai shekara 73 kusa da ta Chirac. Jean-Marie Le Pen, shugaban jam'iyyar Front National, ya samu kashi 16,86 cikin 100, Jospin ya tsaya a 16,18, ratar da ke tsakaninsu ba ta kai ƙuri'a dubu 200 ba. A daren nan Jospin ya ba da sanarwar ya bar siyasa.

Tambayoyi uku ne suka riƙa yawo a bakin mutane bayan wannan girgiza. Wane irin hali gare shi? Shin mai wariyar launin fata ne da gaske, ko abokan hamayya ne suka shafa masa kashin kaji? Su wane ne kuma suke bin sa? Wanda ya bi tarihin mutumin daga tushe zai tarar tambayoyin uku igiya ɗaya ce, domin halin nasa shi ne jarin da ya tara mabiya da shi, kuma shi ne katangar da ta tsare masa hanyar fadar Élysée har ya mutu.

An haife shi ranar 20 ga Yuni 1928 a La Trinité-sur-Mer, wani ƙaramin garin masunta a yankin Bretagne. Mahaifinsa masunci ne, ya mutu a 1942 lokacin da jirginsa ya taka nakiya a teku, yaron yana da shekara 14. Ya yi karatun shari'a a Paris, inda aka fi saninsa da kaifin baki da saurin kai hannu a rigingimun ɗalibai. Ya shiga sojan laima, aka kai shi Indochine a 1954, amma ya isa bayan Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu. A watan Janairu 1956, yana ɗan shekara 27, ya shiga majalisar dokoki a ƙarƙashin tutar Pierre Poujade, jagoran ƙananan ƴan kasuwa masu ƙin haraji. Bai daɗe a kujerar ba ya sake sa kaki, ya je Suez, daga nan ya wuce Aljeriya a farkon 1957, daidai lokacin da sojan laima suke murƙushe mayaƙan FLN a birnin Alger.

Watannin nan na Aljeriya sun bi shi har kabari. A watan Nuwamba 1962 jaridar Combat ta ruwaito shi yana cewa ya gana wa mutane azaba saboda babu makawa sai an yi, daga baya ya ce ba haka yake nufi ba, kuma ya kai duk wanda ya maimaita zargin gaban alƙali. A 2002 jaridar Le Monde ta buga shaidar wasu ƴan Aljeriya, har da labarin wata wuƙa mai ɗauke da sunansa da aka tsinta a gidan Ahmed Moulay, wanda sojoji suka azabtar har ya cika a watan Maris 1957 a unguwar Kasba. Le Pen ya yi ƙarar jaridar da laifin ɓata suna, kotu ta wanke jaridar a 2003. Shi kansa ba a taɓa gurfanar da shi kan wannan ba, saboda afuwar da aka yi bayan ƙarewar yaƙin ta rufe ƙofar shari'a ga kowa.

Masu kare shi suna da abin nunawa daga wannan zamani, kuma adalci ne a ambace shi. A watan Janairu 1958 ya tashi a majalisa ya ce Musulmin Aljeriya za su iya zama cikakkun Faransawa, ƙasar ma tana bukatar ƙuruciyarsu. Sai dai wanda ya duba da kyau zai ga sharaɗin da ke ƙarƙashin maganar: Balarabe abin so ne muddin ƙasarsa tana hannun Faransa. Da Aljeriya ta karɓi ƴancinta a 1962, Balaraben da ya tsallaka teku neman aiki a masana'antar motoci ya koma abin ƙi. A cikin 1958 ɗin nan kuma, a zauren majalisar, ya faɗa wa Pierre Mendès France, tsohon shugaban gwamnati kuma Bayahude, cewa yana tayar wa mutane da ƙyama ta kishin ƙasa, har ma ta jiki. Tun daga nan salon ya bayyana: magana mai baki biyu, wadda mai ƙin Yahudawa zai gane sarai, mai ita kuma zai iya rantsuwa gaban alƙali cewa bai ambaci addinin kowa ba.

Bayan ya rasa kujerarsa a 1962 ya kafa wani kamfanin faya-fayan garmaho, SERP, tare da Léon Gaultier, tsohon sojan Waffen-SS na Hitler. Kamfanin ya sayar da jawabai da waƙoƙin tarihi iri-iri, amma wani faifai na waƙoƙin ƴan Nazi da bayanin da aka rubuta a bayan jakarsa ya jawo masa hukuncin yabon laifukan yaƙi, wanda kotun ƙoli ta tabbatar a 1971. A 1965 shi ya jagoranci yaƙin neman zaɓen Jean-Louis Tixier-Vignancour, lauyan Janar Salan na ƙungiyar OAS, wanda ya samu kashi 5 da ɗoriya.

Yadda aka haifi Front National ranar 5 ga Oktoba 1972 ya isa amsa ga tambaya ta uku. Shawarar ta fito ne daga Ordre Nouveau, wata ƙungiyar samari masu aƙidar fasisanci da suka fi sanin kulki da hular kwano fiye da akwatin zaɓe. Sun gane cewa da fuskarsu ba za su samu ƙuri'a ba, suka nemi wani tsohon ɗan majalisa mai iya magana su sa shi gaba. Ma'ajin jam'iyyar na farko, Pierre Bousquet, ya yi yaƙi a rundunar Charlemagne ta Waffen-SS. François Brigneau, mataimakin shugaba, tsohon ɗan Milice ne, dakarun gwamnatin Vichy da suka yi wa Jamusawa farautar ƴan gwagwarmaya. Roger Holeindre ya fito daga OAS. Ba da jimawa ba François Duprat, mai yaɗa littattafan musanta kisan kiyashin Yahudawa, ya zama ƙusa a jam'iyyar, har wani bam ya kashe shi cikin motarsa a 1978. Tambarin harshen wuta mai launi uku ma aro ne daga jam'iyyar MSI ta magada Mussolini a Italiya. Samarin Ordre Nouveau sun ɗauka ɗan amshin shata suka samu. Da gwamnati ta rushe ƙungiyarsu a 1973, sai Le Pen ya riƙe jam'iyyar da sunanta, ya bar su da cizon yatsa.

Gwanintarsa ta gaskiya a nan take. Waɗannan mutane ba su ga maciji da juna: akwai masu kewar Pétain, akwai waɗanda suka yi yaƙi da Jamus amma ba su yafe wa De Gaulle sakin Aljeriya ba, akwai Katolika masu riƙo da tsohuwar ibada ta Latin, akwai masu son a maido da sarauta, akwai masu ƙin coci ɗungurungum. Abin da ya ɗaure tsintsiyar shi ne mutum ɗaya wanda yake faɗin abin da kowannensu yake ɓoyewa, yana dariya, kuma ba ya ba da haƙuri.

Shekara goma suka wuce ba wani abin kirki. A zaɓen 1974 bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A 1981 ya kasa samun sa hannun zaɓaɓɓu 500 da doka ta gindaya, ko takarar bai shiga ba. Abin da ya samu a wannan tsakani shi ne dukiya: a 1976 Hubert Lambert, magajin wani kamfanin siminti, ya mutu ya bar masa gadonsa, har da katafaren gidan Montretout a Saint-Cloud. Daga ranar bai sake dogara da aljihun kowa ba, kuma ɗan siyasar da ba ya roƙo ba ya jin tsawa.

Lokaci ne ya zo ya same shi inda yake tsaye. Tsadar man fetur ta 1973 ta kawo ƙarshen shekarun bunƙasa, masana'antu suka fara rufewa, rashin aikin yi ya hauhawa. A 1978 jam'iyyar ta liƙa wata takarda mai lissafin da ko yaro zai riƙe: marasa aiki miliyan ɗaya daidai suke da baƙi miliyan ɗaya da suka yi yawa. Lissafin ƙarya ne, domin baƙin nan kamfanonin Faransa ne da kansu suka je ƙauyukan Maroko da Aljeriya suka ɗebo su don ayyukan da ƴan ƙasa suka raina, amma ƙarya mai sauƙin haddacewa ta fi gaskiya mai tsawo gudu. A watan Satumba 1983, a zaɓen magajin garin Dreux, jerin Jean-Pierre Stirbois ya samu kusan kashi 17, kuma jam'iyyun dama na gargajiya suka haɗa kai da shi a zagaye na biyu. Ranar 13 ga Fabrairu 1984 aka gayyaci Le Pen babban shirin siyasa na tashar Antenne 2, miliyoyin mutane suka ga wani ƙaƙƙarfan mutum mai zaƙin Faransanci, mai jefa kalmomin Latin, wanda ba ya kama da dodon da aka siffanta musu. Wata huɗu bayan haka ya samu kusan kashi 11 a zaɓen majalisar Turai. A 1986, albarkacin tsarin raba kujeru gwargwadon ƙuri'u da shugaba François Mitterrand ya kawo, Front National ta shiga majalisar dokoki da wakilai 35. Har yau ana gardama kan niyyar Mitterrand, amma ba a gardama kan cewa rarrabuwar ƴan dama ta yi masa daɗi.

A daidai wannan gaɓa, lokacin da ƙofar mutunci ta fara buɗewa kuma wasu ƴan dama suka fara tunanin ƙawance da shi, ya yi maganar da ta zame masa tambari. Ranar 13 ga Satumba 1987, a gidan rediyon RTL, aka tambaye shi game da ɗakunan iskar guba da ƴan Nazi suka halaka Yahudawa a ciki. Ya ce bai ce babu su ba, amma shi bai gan su ba, kuma a ganinsa ɗan ƙaramin batu ne a cikin tarihin yaƙin duniya na biyu. Kotu ta ci shi tarar fiye da faran miliyan ɗaya na Faransa a 1991. Ana iya cewa suɓul da baka ne, in da sau ɗaya aka yi. Amma ya maimaita a birnin Munich a 1997, yana zaune kusa da Franz Schönhuber, wani tsohon ɗan Waffen-SS, ya kuma sake maimaitawa a 2015. A 1988 ya yi wasa da sunan minista Michel Durafour ya haɗa shi da tandun ƙona gawa. A 1996 ya ce tawagar ƙwallon ƙafa ta Faransa ta jabu ce tunda an cika ta da ƴan wasa daga waje, alhali ƴan ƙasa ne, kuma a shekarar ya furta a fili cewa ya yi imani jinsunan mutane ba daidai suke ba. A 2004 kotu ta same shi da laifin tunzura ƙiyayya saboda cewar da ya yi ranar da Musulmi suka kai miliyan 25 a Faransa su za su yi mulki, Faransawa kuma su riƙa raɓe-raɓe suna sunkuyar da kai. A 2014, ana tsakiyar annoba a Gini da Laberiya da Saliyo, ya ce cutar Ebola za ta iya warware matsalar yawan haihuwa cikin wata uku.

Saboda haka kalmar «zargi» tana da iyaka a wannan tarihi. Abin da ke cikin zuciyar mutum Allah kaɗai ya sani, kuma Le Pen ya sha cewa shi ɗan kishin ƙasa ne kawai, wanda ya fi son ƴaƴansa a kan ƴaƴan maƙwabci. Amma abin da ya fita daga bakinsa alƙalai sun auna shi da dokar Pleven ta 1972 da dokar Gayssot ta 1990, sun kuma hukunta shi sau da yawa. Abin lura shi ne lokacin da maganganun suke fitowa. Kusan duk sa'ad da jam'iyyar ta fara kama da sauran jam'iyyu, sai ya jefa wani dutse cikin rijiya. Ƴan jarida su yi ca, a yi kwanaki ana ambaton sunansa kyauta, tsofaffin mabiya kuma su samu tabbacin cewa jagora bai sayar da su ba. Na kusa da shi da yawa, ciki har da Bruno Mégret wanda ya ɓalle a ƙarshen 1998 ya kafa tasa jam'iyyar, sun kai ga fahimtar cewa mutumin ya fi son dandali a kan mulki.

Magana zarar bunu ce, kuma akwai waɗanda suka biya kuɗinta da rai. Ranar 21 ga Fabrairu 1995, a Marseille, wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Ibrahim Ali, ɗan asalin tsibiran Komoro, yana gudu don ya cim ma motar safa bayan sun tashi daga gwajin waƙa da abokansa, sai ɗaya daga cikin masu liƙa hotunan Front National ya harbe shi a baya. Ranar 1 ga Mayu na wannan shekara, a gefen jerin gwanon da jam'iyyar take yi kowace shekara don girmama Jeanne d'Arc, wasu ƴan daba masu askin ƙwal-kwabo da suka zo daga Reims suka nufi bakin kogin Seine, ɗayansu ya tura Brahim Bouarram, ɗan Maroko mai shekara 29, cikin ruwa, ya nutse kusa da gadar Carrousel. Le Pen bai ba da umarnin ko ɗaya ba, masu tsaron jam'iyyar ma sun taimaka wajen gano ƴan daban. Amma da aka tambaye shi, sai ya ce irin wannan tsautsayi yana iya faruwa a kowane babban birni, har ma ana iya shirya shi da gangan. Bayan kwana biyu Mitterrand, wanda ya rage masa ƴan kwanaki a mulki, ya je bakin kogin ya jefa furanni.

Akwai kuma inda aka ɗora masa abin da bai yi ba. A watan Mayu 1990 aka tone kaburbura a maƙabartar Yahudawa ta Carpentras, ƙasa duka ta nuna Front National da yatsa. Sai a 1996 aka gano masu laifin, ƴan wata ƙungiyar Nazi ce dabam. Le Pen ya ci ribar wannan kuskure shekara da shekaru, domin babu abin da ya fi yi wa irinsa amfani kamar a zalunce shi sau ɗaya a gaban jama'a.

Kuskure mafi girma shi ne a ɗauka cewa mutum miliyan 4,8 da suka zaɓe shi a 2002 duka ƴan Nazi ne. Masu tsattsauran ra'ayi su ne ƙashin bayan jam'iyyar, su ke liƙa takardu da dare, su ke tsaron taro, amma ba su da yawan da za su kai kowa zagaye na biyu. Tun zaɓen 1995, inda ya samu kashi 15, binciken ra'ayi ya nuna ya fi kowane ɗan takara samun ƙuri'un leburorin masana'antu, a garuruwan arewa da gabas inda ma'adinan kwal da masaƙu suka mutu, wuraren da a da jam'iyyar kwaminis take da ƙarfi. A kudu kuma akwai Turawan da suka baro Aljeriya a 1962 da ɗacinsu. A 2002 an yi yaƙin neman zaɓe kan rashin tsaro, talabijin ta yi ta nuna fuskar wani tsoho da ɓarayi suka lakaɗa wa duka a Orléans kwana uku kafin zaɓe. Ƴan takara 16 ne suka tsaya, ɓangaren hagu ya rarraba ƙuri'unsa, fiye da kashi 28 na masu rajista kuma suka yi zamansu a gida. Idan aka duba alƙaluma, Le Pen bai ƙaru sosai a kan 1995 ba, Jospin ne ya zube.

Makonni biyun da suka biyo baya sun nuna katangar. Ɗalibai da ƴan makarantun sakandare suka cika tituna kowace rana, ranar 1 ga Mayu mutum fiye da miliyan ɗaya suka yi zanga-zanga a faɗin ƙasar. Chirac ya ƙi yin muhawara da shi. Ƴan gurguzu da ƴan kwaminis suka toshe hanci suka zaɓi abokin hamayyarsu na shekara da shekaru. Ranar 5 ga Mayu Chirac ya samu kashi 82,21, Le Pen 17,79. In aka haɗa ƙuri'unsa na zagayen farko da na Mégret, abin da ya ƙaru a kai bai taka kara ya karya ba. Duk wanda zai iya jure halinsa ya riga ya zaɓe shi tun farko.

An kashe maciji, ba a sare kansa ba. A 2007 ya faɗo zuwa kashi 10,44, saboda Nicolas Sarkozy ya ɗauki batun baƙi da asalin ƙasa ya mai da shi nasa, har ya kafa ma'aikatar minista mai ɗauke da wannan suna. A watan Janairu 2011 ƴarsa Marine Le Pen ta gaji jam'iyyar, ta kuma fahimci abin da Mégret ya fahimta: ana iya raba kayan da ɗan tallan. Ta hana ƴan askin ƙwal-kwabo fitowa a jerin gwano, ta nesanta kanta daga maganganun ƙin Yahudawa, kuma da uban ya sake maimaita maganarsa ta 1987, ta sa aka kore shi daga jam'iyyar da ya shugabanta kusan shekara 40, a watan Agusta 2015. A 2018 aka sauya sunan zuwa Rassemblement National. Amma ginshiƙin manufar, wato fifita ɗan ƙasa a kan baƙo wajen aiki da gida da tallafi, yana nan, an sauya masa kalma ɗaya kawai. A 2017 ta samu kashi 33,9 a zagaye na biyu, a 2022 ta samu 41,45, fiye da ƙuri'a miliyan 13, kuma ba a ga zanga-zanga irin ta 2002 ba. A watan Disamba 2023, da majalisa ta amince da sabuwar dokar shige da fice, ta kira abin nasarar aƙidarsu, ko da yake majalisar tsarin mulki ta soke sassa da yawa na dokar bayan wata guda.

Jean-Marie Le Pen ya mutu ranar 7 ga Janairu 2025 yana da shekara 96. A daren nan wasu suka taru a dandalin République na Paris suna murna da wasan wuta, ministan cikin gida ya yi tir da su. An binne shi bayan kwana huɗu a La Trinité-sur-Mer, kusa da iyayensa. A gadar Carrousel kuwa akwai wani allo da magajin garin Paris Bertrand Delanoë ya kafa a 2003 da sunan Brahim Bouarram, inda ake ajiye furanni ranar 1 ga Mayu.